Na gaya wa yaran makarantar Lahadi dukanmu masu zunubi ne, yanzu iyaye sun taso min

Malamar makarantar Lahadi:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara shida ina riƙe da ajin yara 'yan shekara bakwai zuwa goma a majami'armu nan Amurka. Ba don na fi kowa sani ba ne. Matar da ke riƙe da ajin ce ta koma wata jiha, aka yi ta cigiya babu mai karɓa, na karɓa. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, sau da yawa daga can nake zarcewa majami'a, ido jajir. Littattafan da yaran ke zane a ciki ma da kuɗina nake saya, ban taɓa kai wa kwamiti rasit ba. Na faɗi wannan ne don ku san ba da wasa na ɗauki aikin ba.

Kowa ya ji abin da ya faru ranar Litinin 27 ga Maris 2023 a makarantar Covenant da ke Nashville, jihar Tennessee. Makarantar majami'a ce. An harbe yara uku 'yan shekara tara da manya uku har lahira, kuma ɗaya daga cikin yaran 'yar faston majami'ar ce. Tawa 'yar ma shekararta tara.

Lahadin da ta wuce darasinmu shigar Yesu Urushalima ne a kan jaki, amma ko ganyen dabinon ban gama rabawa ba wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in makarantar Allah ce, me ya sa bai tsare ƙofar ba?" Wata yarinya ta ce ai mai harbin Shaiɗan ne. Sai na buɗe Romawa 3:23, na ce musu ba Shaiɗan ba ne, ɗan Adam ne kamar mu, kuma zunubin da ya kai ga harbin nan shi ne dai yake sa mu ƙarya da ƙin juna. Muka yi addu'a domin iyalai shida, na ƙara da iyayen mai harbin.

Da yamma uwar yaron ta kira ni tana huci. Wai ya ƙi cin abinci, yana kuka, yana tambaya ko shi ma zai harbi mutane in ya girma, tunda ya taɓa yi mata ƙarya. Wasu iyaye biyu kuma suka kai ƙarata wurin Fasto kan addu'ar. Fasto ya ce ko dai in gyara maganata a gaban yaran ranar Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ko in huta tukuna. Abin da ya shiga tsakanina da maigidana kan wannan ba zan kawo shi nan ba. To me zan gyara? Kuma yaya zan tsaya in ce musu "Ya tashi" alhali ni kaina bakina ya yi nauyi?

Baba Dattijo:

'Yata, babu abin da za ki gyara. Gaskiya ɗaci gare ta. Yakubu 2:10 ta ce wanda ya kiyaye dukan Shari'a ya yi tuntuɓe a abu ɗaya, ya karya duka. Ubangiji da bakinsa a Matiyu 5 ya haɗa mai fushi da ɗan'uwansa da mai kisankai a ƙarƙashin hukunci. Kayinu ba shi da bindiga, amma ya kashe Habila a saura. Matsalar zuciya ce, tun daga Farawa sura uku. Kukan yaron nan kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ya ga kansa mai zunubi, abin da manya da yawa ba su taɓa gani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara talatin da ɗaya ina dattijon ikkilisiya, na ga iyayen zamani ba sa son a ambaci zunubi, sun fi son a raba wa yara alewa a sallame su. Ki tsaya da ƙafarki.

Uwar yara uku:

Baba, da girmamawa, yaro ɗan shekara takwas da ya kasa cin abinci ba tuba yake yi ba, tsoro ne ya cika shi. Ku da 'ya'yanku suka girma ba ku san abin da namu ke gani ba. A makaranta ana koya musu kashe fitila, a kulle ƙofa, a laɓe a lungu a yi shiru. Autata ta dawo wata rana ta ce ba ta son takalminta mai walƙiya, kada mugu ya hango ta. Shekararta shida.

Ni dama wannan saurin ba da amsa na masu wa'azi ya daɗe yana ci min rai. Lokacin da na yi ɓarin ciki wata biyar, wani fasto ya zo har asibiti ya ce in bincika rayuwata ko akwai ƙofar da na buɗe wa Iblis. Ina kwance da ƙarin ruwa a hannu. Shekara biyu ban taka majami'ar nan ba, matarsa kuma har yau in mun haɗu sai ta kau da kai, kamar ni ce na yi musu laifi.

Malamar makarantar Lahadi:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ta'azantar da ke. Amma ni ban ce wa yaron zai zama mai kisa ba, shi ya ɗauka haka. Kuma ba ni na kawo maganar ba, su suka tambaya. In yi shiru ke nan?

Direban babbar mota:

Ni abin da ke ba ni haushi, duk lokacin da aka yi irin wannan sai a ce zunubi ne, a rufe bakin kowa. Zunubi ai ko'ina akwai shi. Ingila ma cike take da masu zunubi, amma bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Sikotilan a 1996, Birtaniya ta hana yawancin ƙananan bindigogi. Nan fa? A makarantar Sandy Hook, Disamba 2012, an harbe yara 20 da manya 6. A wata makaranta a Uvalde, Mayun 2022, yara 19 da malamai 2. A na Nashville 'yan sanda sun ce bindigogi bakwai aka saya, duka bisa doka. Wani ɗan majalisar tarayya daga Tennessee, Tim Burchett, ya fito ya ce ba za su iya gyara abin ba, farkawa ta ruhaniya ƙasar ke bukata. To ni na yarda da farkawa, amma Yakubun da Baba ya karanta shi ne ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. A tamu majami'ar yanzu an sa maza biyu da bindiga a bakin ƙofa. Na yi magana a taro, aka ce na kawo siyasa gidan Allah.

Baba Dattijo:

Ɗana, siyasa ka kawo kuwa. A kwashe bindigogin duniya duka, zuciyar mutum tana nan yadda Irmiya 17:9 ta kwatanta ta. 'Yata, game da addu'ar da kika yi wa iyayen mai harbin, kada ki janye ko kalma ɗaya. A Oktoban 2006 wani direban motar madara ya shiga makarantar Kiristocin Amish a Nickel Mines, jihar Pennsylvania, ya harbi 'yan mata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. A ranar nan mutanen Amish suka je gaida iyalinsa. Sun halarci jana'izarsa, har cikin gudummawar da aka tara musu sun ba matarsa da 'ya'yansa. Suka rushe makarantar suka gina wata, suka sa mata suna Sabon Bege. Wannan shi ne Kiristanci. Iyayen da suka kai ƙararki su je su ji kunya.

Ɗalibin tauhidi:

Baba, ka gafarta wa yaro ya sa baki. Labarin Amish gaskiya ne, amma 'ya'yansu aka kashe, gafarar tasu ce su bayar. Ba mu da ikon ɗora wa wasu iyaye ita kwana shida bayan abu ya faru.

Mama malama, ina ganin abu biyu kika haɗa wuri ɗaya. Cewa kowa mai zunubi ne daidai ne. Cewa duk zunubi nauyinsa ɗaya, wannan Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba. Yesu ya gaya wa Bilatus a Yahaya 19:11 cewa wanda ya bashe shi gare shi ya fi shi zunubi. Ƙaramin Katekisim na Westminster, littafin koyarwar addini na tambaya da amsa wanda 'yan Firesbiteriya irin masu makarantar Covenant ke koya wa 'ya'yansu, a tambaya ta 83 ya ce wasu zunubai sun fi wasu muni a gaban Allah, sai ta 84 ta ce kowane zunubi ya cancanci hukunci. Duka biyun ake riƙewa. Yaron ya ji na biyu, bai ji na farko ba, shi ya sa ya auna ƙaryarsa da jinin yara.

Kuma ki lura, tambayarsa ta farko ba ki amsa ba. Ya tambayi ina Allah yake, kika amsa masa wane ne mutum. A Luka 13 da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi kowa laifi ba. Ya kira masu ji su tuba, amma bai ba su dalilin faɗuwar hasumiyar ba. Kina iya gaya wa yaro cewa Allah bai bayyana mana dalili ba, amma Ɗansa ma an kashe shi ba laifi, kuma ya yi kuka a kabarin Li'azaru duk da ya san zai tashe shi. Bulus a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana.

Malamar makarantar Lahadi:

Na gode ɗan'uwa, amma minti arba'in gare ni da yara goma sha huɗu, biyu suna dambe a baya. Ba ajin tauhidi ba ne. Kai ma da kana wurin ba lallai ka tuna da Westminster ba. Kuma in na ce wani zunubi ya fi wani, gobe yaro zai ce ƙarya ƙaramin abu ce.

Mama ta zumuntar mata:

'Yata, ki bar gardamar nan. Ki dafa wani abu ki je gidan yaron kafin Lahadi, ki zaunar da shi ki ce masa Yesu yana ƙaunarsa, ƙaryar da ya yi an gafarta, ba zai zama mai kisa ba. Ki ba uwarsa haƙuri ko da kina ganin kin fi ta gaskiya. Ranar Ista kuma kada ki yi dogon bayani. Matan da suka je kabari da asuba da kayan ƙanshi na gawa suka je, suna kuka, a haka albishir ya same su. Bakinki ya yi nauyi ba laifi ba ne. Sannan ki kwanta ki yi barci, mai aikin dare da ciwon zuciya ba ya yanke shawara mai kyau.

Baba Dattijo:

Ba da haƙuri a kan me? Ranar da malamar Littafi ta fara neman gafara don ta karanta Romawa, an gama. Ɗalibi, makarantunku ne ke sanyaya bishara. 'Yata, ki gaya wa Fasto dattawa na bayanki. In yana so, ni zan kira shi.

Uwar yara uku:

Baba, ko sunan majami'arsu ba ka sani ba.

Malamar makarantar Lahadi:

Na gode muku duka. Mama, gidansu da nisa, kuma uwar ba ta ɗaga wayata tun Litinin, na kira sau biyu. Ni dai har yanzu ban ga inda na yi ƙarya ba. Ɗazu da nake yi wa 'yata kitso ta tambaye ni ko yaran nan uku za su yi Ista a sama, na ce i, sai ta ce to mai harbin fa. Na ce ta gyara zama kitson zai karkace. Fasto yana jiran amsata gobe Alhamis da yamma, kuma yau ma ina da aikin dare.