Tambaya kan kwafe saitin zane daga mahalli zuwa mahalli a GLX (mahaɗin OpenGL da tsarin tagogi na X a Linux)

Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta manhaja mai taga biyu a kan Linux da OpenGL, wato tsarin zana hotuna a kwamfuta, kowace taga da mahallin zanenta, wato inda ake ajiye saitin zanen. Na kira umarnin glXCopyContext domin saitin haske da launi na taga ta farko ya koma ta biyu, sai na samu kuskuren BadAccess. Ina na kuskure?

Injiniya daga Asawase:
Wa'alaikumus salam, ƙanina. Wannan kuskuren yana fitowa ne idan mahallin da kake kwafewa zuwa cikinsa yana kan aiki a lokacin, don haka ka fara sakinsa da glXMakeCurrent kafin ka kwafe. Sannan dole mahallan biyu su kasance na allo ɗaya, in ba haka ba kuskuren BadMatch za ka gani. Idan kana son iyakar abin da ake iya kwafewa, ka ba glXCopyContext zaɓin GL_ALL_ATTRIB_BITS.

Malama daga Sabon Zongo:
Gaskiya ne, amma kada ka zaci hotunan da ka ɗora a kan siffofi za su biyo, domin saiti kaɗai yake kwafewa. Su ana sa mahallan su yi tarayya a kansu ne tun lokacin ƙirƙirar mahalli, ta glXCreateContext. Ni a ganina, sake saita komai da hannu ya fi aminci.

Ɗalibi daga Aboabo:
Na saki mahallin, kuma ya yi aiki. Na gode, Allah ya ƙara ilimi.