Na tura maƙala ɗaya mujallu biyu, ɗaya ta karɓa cikin kwana biyar

Baban Khalil, Jizan:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon zancen, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekarata huɗu ina aiki a wani asibiti a nan kudancin Saudiyya, sashen cututtukan manya. Wanda ya taɓa zama a Jizan ya san sikila a nan kamar kana gida. Tun 2004 aka wajabta gwajin jini kafin aure a ƙasar nan, amma waɗanda aka haifa kafin nan su ne manyan da muke kwantarwa kullum. Azumin bara na fara zaƙulo fayilolin waɗanda aka kwantar da ciwon ƙashi, ina duba wa yake shan hydroxyurea, maganin sikila, wa ya daina, kwana nawa kowa ya yi a gado. Fayil 163. Bayan tarawih nake shiga ɗakin ajiya, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, sai wata fanka mai kukan injin markaɗe. Gumi ya riƙa ɗiga a kan takarda ina gogewa da hannun riga. Maman Khalil har cewa ta yi ko kishiya na ajiye a asibitin ne.

Istisharin, wato babban likitan da nake ƙarƙashinsa, mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, a ranar ya sa hannu aka ba ni hutu. Amma da na kai masa rubutun sai ya ce a sa sunansa a farko, a ƙara wasu mutum biyu. Ɗaya na san fuskarsa, ɗayan ko a hanya ban taɓa ganinsa ba. Shi ke cike takardar tantance aikina ta shekara, kwantiragina kuma a Rajab za a sabunta. Na ce to.

Na tura wata mujalla mai suna. Sau biyu suka dawo min da ita tun ba a karanta ba: taƙaitaccen bayanin ya wuce adadin kalmomi, jerin madogara ba a tsarin Vancouver, salon jera madogara na mujallun likitanci, yake ba, sannan wasu takardu da suka nema. Na gyara abin da zan iya. Shiru, mako goma sha ɗaya. Ana haka sai ga imel daga wata mujallar, suna kirana farfesa, suna roƙon in ba su aikina. Na tura. Kwana biyar suka ce sun karɓa, ko waƙafi ba su gyara ba, in biya dala 900 kafin ranar Alhamis. Jiya kuma na buɗe shafin ta farkon, sai na ga an rubuta tana hannun masu bita.

Tambayata: in biya in yi shiru? Ko akwai yadda zan janye daga ta farkon ba tare da istishari ya sani ba?

Sista Rabi, Makka:
Innalillahi. Allah ya kawo mafita, likita.

Kawu Likita, Madina:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka biya ko halala ɗaya. Shekara goma sha ina yi wa mujallu bitar maƙala, ban taɓa ganin aikin fayil 163 da ya wuce hannun mutum biyu masu ido cikin kwana biyar ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Nemo wanda zai yarda ya karanta kawai yakan ci edita mako biyu ko uku. Wannan ba mujalla ba ce, shago ne. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irinsu har ya cire jerin daga intanet a Janairun 2017, su kuma ba su ragu ba.

Yi wannan yanzu kafin ka ba ni amsa. Shiga kundin NLM, babban laburaren likitanci na Amurka, ka rubuta sunanta ka ga ko tana cikin MEDLINE, jerin mujallun da suka tantance. Duba jerin Scopus da na Web of Science da DOAJ, su ma masu tantance mujallu ne, a shafukansu, ba tambarin da ita ta manna a goshinta ba. Tambari kowa zai iya kwafowa. In ta ce tana da ma'aunin tasiri, wato lissafin yawan ambaton maƙalunta, na gaskiya kamfanin Clarivate ke fitar da shi.

Na biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci da suka fara zama a Vancouver a 1978, a fili take: ba a tura rubutu ɗaya wuri biyu lokaci guda. Kuma na tabbata lokacin da kake turawa ta farkon ka danna akwatin da ke cewa ba ya gaban kowa. Wadda za ka janye daga gare ta ita ce ta biyun, ba ta farkon ba. Ka juya tambayar.

Na uku, waɗanne ne "wasu takardu"? Nan ka wuce da gudu.

Abu Ammar, Jidda:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ku kuna magana daga sama ne. Dala 900 riyal 3,375 ne, bai kai albashin mako biyu ba. Mutane nawa na sani da suka buga a irin waɗannan, suka cike takardunsu, ba wanda ya tambaye su? Manyan mujallun ma ai kuɗi suke karɓa, wasu dala dubu biyu, dubu uku, kuma da yake adireshinmu Saudiyya ne ba a yi mana rangwamen da ake yi wa na gida, ana lissafa mu cikin masu kuɗi. To meye bambancin? Kowa dai kasuwa yake ci.

Kawu Likita:
Bambancin shi ne can ana karantawa kafin a karɓi kuɗin, kuma ana iya ce maka a'a. Sannan ba duka ke karɓar dubbai ba. Ga Annals of Saudi Medicine ta asibitin Sarki Faisal a Riyad, ga Saudi Medical Journal tun 1979, dukansu suna PubMed, rumbun neman maƙalun likitanci, kuma aikin sikila na Jizan abincinsu ne. Ya karanta shafin umarnin marubuta ya ga sharuɗɗansu. Waɗanda ka sani da ba a tambaye su ba, ranar tambayar ce ba ta zo ba. Na zauna a kwamitin da aka ɗauki jan biro aka soke wa mutum maƙala shida a gabansa.

Baban Khalil:
Kawu na gode. Na duba, ba ta cikin MEDLINE, amma sun rubuta cewa suna Google Scholar, kuma suna da lambar ISSN. Sannan a fahimce ni, ba da gangan na tura biyu ba. Mako goma sha ɗaya ba ko uffan, na rubuta musu sau ɗaya ba amsa, na ɗauka sun watsar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, akwai abin da nake nema da za a rufe ƙarshen wata mai zuwa, kuma dole in nuna an karɓi maƙala ko ɗaya.

Takardun kuwa, jadawalin STROBE ne, jerin abubuwan da rahoton irin wannan bincike zai ƙunsa, na cike duka 22 ɗin, da fom ɗin da kowane marubuci zai bayyana ko yana da wata alaƙar kuɗi, da kuma lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Kawu Likita:
ISSN lambar rajista ce kawai, mujallar girke-girke ma tana da ita. Lambar kwamitin fa, kana da ita?

Baban Khalil:
Mudir, shugaban asibitin, ya ba ni izini da bakinsa, a gaban istishari. Kuma ai fayil na duba, ban taɓa ko mutum ɗaya ba, ba suna a teburina. A gurbin lambar na rubuta cewa hukumar asibiti ta amince.

Kawu Likita:
To ga ainihin ciwon nan, kana ta nuna mana ƙurjin hannu. Bakin mudir ba kwamiti ba ne. Tun sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar bincike a kan mutane da gyare-gyarenta ake tafiya a kan wannan, kuma ƙasar nan tana da dokarta tun 2010, da kwamitin ƙasa da ƙananan kwamitoci masu rajista a ƙarƙashinsa. Duba fayil ma sai an kai musu. Sukan ɗauke maka neman yardar kowane majinyaci, amma su ne za su ɗauke, ba kai ba. Takardar shaidar kwas ɗin ɗa'a da suke nema a haɗa da buƙata, ka taɓa yin sa ma? Mai bita na farko da zai buɗe sashen hanyoyin bincikenka nan idonsa zai fara sauka. Ni nan nake fara dubawa.

Hajiya Lab, Dammam:
A nan wajenmu an taɓa ba wani lamba bayan ya gama tattara bayanai. Ya je ya faɗi gaskiya, suka duba, suka ba shi. Likita ka gwada, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kawu Likita:
Hajiya, galibin kwamitoci ba sa amincewa da aikin da aka riga aka gama. Wanda ya yi, ya yi ne da ra'ayinsa. Kada a sa masa rai.

Sista Rabi:
Ni maganar sunayen nan ce ta tsaya min a wuya. Shekara biyu da suka wuce na yi wata huɗu ina cike fom na masu ciwon suga a lokacin aikin Hajji da bayansa, ni da wata 'yar Filifin. Ƙafata har kumbura take yi. Da takarda ta fito sunaye bakwai, ba nawa ba nata, ko a wurin godiya. Da na yi magana aka ce ai ma'aikaciyar jinya ba ta rubutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To likita, su wa suka ciro maka fayilolin nan daga kan kanta? Ka sa su?

Baban Khalil:
Sista, wani bawan Allah ne ɗan Sudan a ɗakin ajiya, kuma ciro fayil aikinsa ne. Na saya masa buɗa-baki sau da yawa.

Sista Rabi:
Haka su ma suka ce da ni.

Kawu Likita:
Sista tana da gaskiya a nata. Sharuɗɗan ICMJE huɗu ne kuma sai an cika duka: ka sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka rubuta ko ka yi gyara mai ma'ana, ka amince da rubutun ƙarshe, ka yarda a tuhume ka a kansa. Wanda ya tattara bayanai kamata ya yi a ba shi damar shiga sauran ukun. Mai ciro fayil, godiya da izininsa. Mutumin da ba ka taɓa gani ba kuwa ba ya ko ɗaya. Ranar da aka janye maƙalar nan saboda ta fito wuri biyu, sunansa ma zai shiga ciki, kuma a lokacin za ka san fuskarsa.

Wad Mai Wurno, Riyad:
Ku kuna da fayil ma kuna rigima. Ni aikin shekara uku na bari a kwamfutar ofis a Khartum ranar da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023. Da riga ɗaya na fita ta Madani, daga can Bur Sudan, sai jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba kwafi ko ɗaya. Ɗan'uwa, ko me za ka yi, yau ka tura wa kanka teburin nan ta imel. Kuma ni a ganina kada ka taɓa maganar sunaye yanzu. Mai igama, takardar izinin zama, ba ya faɗa da mai sa masa hannu. A bari Rajab ya wuce.

Abu Ammar:
Yauwa. Kawu ya kusa ritaya, shi ya sa.

Kawu Likita:
Ban ce ya yi faɗa da kowa ba. Cewa na yi ya je ya gaya wa istisharin gaskiya da kansa, domin sunansa ne a farko, kuma duk wasiƙar da edita zai rubuta ta tuhuma har shi za a aika wa. Gara ya ji daga bakinka. Rubuta wa ta biyun yau, layi uku: na janye, ban ba ku izinin bugawa ba, ku tabbatar min a rubuce. Ajiye kwafin. Wasunsu za su ce sai ka biya kuɗin janyewa, wasu su manna ta a shafinsu ko ba ka biya ba, don haka ka riƙa dubawa. Sannan ka rubuta wa editan ta farkon ka faɗa masa duka biyun, turawar da maganar kwamitin. Muddin ba ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka ba, da sauran numfashi.

Hajiya Lab:
Kawu, ya gaya wa edita kuma? Ai ya kai kansa mahauta ke nan. Ya janye daga ta biyun a ɓoye, ta farkon ina za ta sani?

Baban Khalil:
Akwai wani fom da suka haɗo da wasiƙar karɓar, shafi ɗaya. Na sa hannu na mayar tun ranar Lahadi, don sun ce ba za su riƙe min gurbi a fitowar wannan watan ba sai da shi. Amma ban biya ba, kuma a fahimtata ba biya ba ciniki. Ni kaɗai na sa hannu, a madadin sauran.

Kawu Likita:
A madadin sauran. Ɗauko hotonsa ka turo min ta gefe.

Abu Ammar:
To tunda an sa hannu ai magana ta ƙare, a biya a huta.

Baban Khalil:
Zan turo in na sauka, yanzu aka kira ni ɗakin gaggawa. Amma Kawu, in na gaya wa istishari ya ce a janye gaba ɗaya fa? Ni ne na yi azumi a ɗakin nan, ba shi ba.

Ummu Safiyya, Ta'if:
Salam, ku yi haƙuri na katse ku. Wa ya sabunta rajistarsa a Mumaris, shafin rajistar ma'aikatan lafiya, kwanan nan? Sa'o'in kwasa-kwasaina ba su fito ba, kuma saura min kwana tara.