Kwamfuresa: me za mu kira shi da Hausa?

1. Wannan na'urar da ke cikin AC na mota, a gareji kowa "kwamfuresa" yake ce mata, daga oga har yaron shago, kuma ba laifi ba ne, haka lagireto da kuloci suka shigo suka zauna. Amma idan ɗalibin kwalejin fasaha ya tambaye ni ma'anarsa, ina son sunan da shi kansa zai faɗi aikin.

2. Wani ya ba ni shawarar "injin sanyi". A nan na tsaya, domin wannan sunan zai ƙara ɓatar da mutane. Kwamfuresa ba ya sanyaya komai. Bel ne ke juya shi daga injin mota, idan ka kunna AC maganaɗisu ya kama kulocinsa, sai ya zuƙo gas mara ƙarfi ya matse shi har ya ɗauki zafi. Taɓa bututun da ke fita daga jikinsa ka ji, amma a hankali. Gas ɗin nan mai zafi yakan wuce kwandensa da ke gaban lagireto, iska ta huce shi ya koma ruwa-ruwa, ya bi ta wata 'yar ƙuntatacciyar ƙofa, ƙarfinsa ya faɗi. Can cikin mota, bayan dashbod, yake sake zama gas yana shanye zafin iskar da fanka ke turo maka. Nan sanyin yake.

3. "Zugazugi" ya yi min daɗi a kunne, sai dai na maƙeri hura iska yake ta fice abinta. Wannan kuwa gas ɗaya yake ta juyawa a rufaffiyar hanya. "Famfo" kuma ruwa yake kawo wa mutum a rai, alhali ruwa ne babban abokin gabarsa.

4. Ni na tsaya a kan MAMATSI. Yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, girbe ya ba mu magirbi, haka matsa zai ba mu mamatsi. Mamatsin gas, ko mamatsin AC.

5. Sunan har karatun ɗaurawa yana koyarwa. Gas yana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa idan aka cika gas fiye da kima ya dawo masa a ruwa, sai ya lalata cikinsa. Kafin a ɗaura sabo a wanke bututai, domin ɓarɓashin tsohon da ya ƙone yana nan a ciki. A canja matatar danshi, a zuƙe iska tas da na'ura, a auna man mamatsin daidai. Kuma a duba takardar da ke manne ƙarƙashin bonet: motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 gas mai suna R134a suke sha, ba R12 ba, sababbi da dama kuma R1234yf, kowanne da irin mansa.

6. Masu gyaran AC na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ku ne kuke riƙe da spana. "Oga, mamatsin ya daina kamawa." Ya zauna a bakinku, ko akwai wanda ya fi shi?