Jigilar manyan bayanan bincike ta wayar faiba ta jami'a: me kuka gani da idonku?

Malama a sashen ilimin ƙwayoyin halitta, mai buɗe magana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa malamai, ɗalibai da ma'aikatan cibiyoyin kwamfuta, ina roƙon duk wanda ya taɓa aikawa ko karɓar bayanan bincike masu nauyi ta intanet ɗin jami'arsa ya ba mu labarin abin da ya gani, domin abin da ya same ni bara har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Muna bincike ne a kan cutar sikila, kuma mun tura samfurin jinin mutum 24 wani ɗakin gwaji a Turai domin a karanta mana jerin ƙwayoyin gadonsu gaba ɗaya. Da aka kammala, sai aka turo mana adireshin da za mu sauke sakamakon, tare da sanarwar cewa za a rufe shi bayan kwana 30. Bayanin mutum ɗaya ya kusa gigabait 100, ni kuwa a ofishina saurin da nake samu bai wuce megabit 10 a daƙiƙa ba, wato mutum ɗaya zai ci awa 22, su 24 ɗin kuma za su ci kwana 22 cur, wannan ma idan ba a ɗauke wuta ba kuma layin bai yanke ba ko sau ɗaya. Dare huɗu na kwana a ofis, ina shimfiɗa darduma a gefen tebur ina kallon shuɗin layin nan yana tafiyar hawainiya. A dare na uku fayil ɗin farko ya kai kashi 91 cikin ɗari, sai wuta ta ɗauke, da ta dawo kuma ya koma tun daga farko. Daga ƙarshe roƙonsu muka yi suka zuba mana a faifan ajiya suka aiko ta hannun masu kai saƙo, ya yi mako biyar kafin ya iso, ɗalibaina biyu suna zaune ba aikin yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gabana aka haƙa rami aka binne wayar faiba tun daga babbar ƙofar jami'a. To a ina ruwan yake tsayawa da ba ya isowa gare mu?

Injiniya a cibiyar kwamfuta ta wata jami'a

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wahalar da kika sha saboda masu wannan lalura. Shekarata 14 a wannan aiki, kuma ina kyautata zaton ruwan naki a cikin gida ya tsaya, tsakanin cibiyar kwamfutarku da ƙofar ofishinki.

Wani malamin lissafi ya taɓa kawo mini irin wannan kukan. Na gwada saurin a ɗakin cibiyarmu na ga ya kusa megabit 900, na je ofishinsa na ga 8. Sai na ɗauki tocila na bi wayar taki-taki. Ashe faibar ta ƙare ne a ƙasan benen tsangayarsu, a cikin wani kabad da ke ƙarƙashin matakala, inda na tarar da tsohon akwatin rarraba layi wanda iyakar ƙarfinsa megabit 100 ne, kuma shi ne ke ɗauke da ginin gaba ɗaya. Ƙura ta toshe fankarsa, zanzaro ya yi gini a kansa, batirin da ya kamata ya riƙe shi idan an ɗauke wuta ya kumbura tun tuni. Daga nan kuma wayar tagulla ce ta tafi har hawa na uku, tsawonta ya haura mita 100, alhali wannan ita ce iyakar da aka ƙayyade wa irin wannan waya. Kwana biyu muka yi muka sauya akwatin muka ja faiba zuwa kowane hawa, malamin ya daina kwana a ofis.

Ita faibar ba kasafai laifin ke zama nata ba. Zaren gilashi ne wanda kaurinsa bai fi gashin kai ba, haske ke gudu a cikinsa kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, ba ya tsatsa kuma tsawa ba ta bin sa. Babbar abokiyar gabarsa ita ce katafila. A daminar shekarar da ta wuce masu gyaran magudanar ruwa suka tsinke mana ita a bayan gari, na'urar da ke harba haske ta auna dawowarsa ta nuna mana cewa yankan yana kilomita uku da ɗoriya daga gare mu, muka je muka same shi daidai wurin. Mai haɗin ya zauna a cikin ramin, wani yana riƙe masa laima, yana fere zare 24 ɗaya bayan ɗaya yana narka bakinsu yana haɗawa, tun hantsi har la'asar sakaliya. Saboda yawan irin wannan ɓarna ne Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Tsadar izinin haƙa ma ta daɗe tana hana a shimfiɗa hanya ta biyu da za a koma kanta idan ta farko ta tsinke, duk da cewa an amince da naira 145 a kan kowace mita, Jihar Kaduna kuma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020.

Akwai kuma bambancin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tsakanin intanet ɗin kasuwa da hanyar sadarwa ta bincike da ilimi. A 2014 aka ƙaddamar da irin wannan hanya ta Nijeriya, wato NgREN, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da tallafin Bankin Duniya, ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27. Irinta a Gana ita ce GARNET, dukansu kuma suna ƙarƙashin inuwar WACREN, ƙungiyar irin waɗannan hanyoyi ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, mai mazauni a Akara, wadda ke da mahaɗa da GÉANT ta jami'o'in Turai. Hikimar ita ce bayanin da ya taso daga ɗakin gwaji na wata jami'a ya bi hanyar masu bincike zalla har ya isa ɗaya jami'ar, ba tare da ya yi cunkoso da masu kallon bidiyo ba. Don haka, Malama, ki tambayi injiniyoyinku ta wace hanya bayananki ke fita. Kuma kada ki sake sauke fayil mai wannan nauyi kai tsaye daga shafi. Ki yi amfani da manhajar rsync ko ta Globus, waɗanda ke ci gaba daga inda suka tsaya idan layi ya yanke.

Ɗalibin digiri na uku a Afirka ta Kudu

Malama, Injiniya, ina gaishe ku da girmamawa. Ni ƙarami ne a cikinku, amma na ga ɗaya fuskar abin. Ranar da na isa Cape Town aka ba ni suna da kalmar sirri guda ɗaya na eduroam, tsarin shiga intanet na bai-ɗaya na jami'o'i, kuma da su na shiga intanet a jami'o'i uku na ƙasar, daga baya ma a wani taro a Jamus, ba tare da na roƙi kowa komai ba. Ina aiki ne a kan hasashen ruwan sama, kuma a watana na biyu malamina ya ce in tura gigabait 800 zuwa babbar cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasa da ke nan birnin. Saboda abin da na saba da shi a gida, sai na sayi abincin dare na yi shirin kwana. Na fara bayan azahar, kafin in yi sallar isha'i an gama, har sai da na sake ƙirga fayilolin don ban yarda ba.

A nan SANReN da TENET ne ke riƙe da hanyar jami'o'i, kuma ƙasar ta ɗauki abin da muhimmanci domin tana da irin su MeerKAT, faranti 64 masu sauraron sararin samaniya a yankin Karoo da aka buɗe a 2018, waɗanda ba za su amfanu ba sai da faiba mai ɗaukar abin da suke tarawa. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda wannan sauƙin ya sauya irin tambayoyin da nake iya yi. A gida na taƙaita bincikena a kan damina uku saboda su ne layina zai iya ɗauka, a nan kuwa ina aiki da shekara 30.

Mai nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, daga Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. Mu a Nijar ba mu da gaɓar teku, don haka duk abin da za mu karɓa daga waje sai ya ratso ƙasar wani, kuma wannan ne ya sa muke sa ido a kan aikin faibar da za ta keta Sahara ta haɗa Aljeriya, Nijar, Nijeriya da Chadi. Ina bibiyar gonakin tattasai na bakin Komadugu Yobe a jihar Diffa ta hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda ake bayarwa kyauta kuma ake sabuntawa duk kwana biyar. Hoto ɗaya yana kusantar gigabait guda, abin da nake buƙata na shekara ɗaya kuma ya haura gigabait 300. Kyauta ne a can, amma sauko da shi nan ne aikin.

Abu biyu na gani da suka dame ni. Na farko, na tarar da ɗalibaina uku kowa yana sauke hoto iri ɗaya daga Turai a rana ɗaya, alhali da akwai rumbu guda a cikin ƙasa da jami'o'i ke haɗe da shi, da sau ɗaya za a sauke kowa ya ɗiba. Na biyu, ina da abokin aiki a Katsina, tafiyar da ba ta kai awa uku a mota ba. Wata rana na bi sawun fayil ɗin da na tura masa, sai na ga ya je Faris, ya biya ta Landan, ya sauka Legas, sannan ya hauro arewa. Tun daga ranar, idan abin ya yi nauyi, faifai nake ba direban tasha. Injiniya, a ganina haɗa maƙwabta da juna bai gaza ƙara faɗin hanyar zuwa Turai muhimmanci ba.

Malamin tattalin arziki, daga Kumasi

Maganarka gaskiya ce, ɗan'uwana na Maraɗi, kuma ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ta tabbatar mini da ita. Muna cikin kwanakin farko na azumi, ɗalibata za ta kare kundin digirinta na uku, mai jarrabawa na waje kuma zai shiga ta bidiyo daga Ingila. Mun zauna, mahaifinta ya zo tun daga zango da babbar riga, amma allo ya ƙi nuna komai. Sai daga baya muka ji cewa wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, hukumar sadarwa ta Gana kuma ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar.

Abin da na lura da shi a kwanakin shi ne, duk abin da ke ajiye a cikin harabarmu, kamar rumbun kundaye na ɗakin karatu, ya ci gaba da aiki lafiya lau a kan faibar cikin gida. Wasiƙunmu da bayanan ɗalibar da ta ajiye a rumbun wani kamfani a ƙetare kuwa sun gagara samuwa. An ɗage zaman, ta koma gida da kuka. Wata wayar ƙarƙashin teku mai suna Equiano, wadda ta sauka Lome da Legas a 2022, ba ta shiga cikin haɗarin ba, don haka waɗanda ke da hanya ta biyu ta can sun fi saurin farfaɗowa. Yanzu ba na sa hannu a kan babin ɗalibi sai ya nuna mini kwafin bayanansa a kwamfutar sashe.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu

Ranku ya daɗe, malamai. Mu rubuce-rubucen ajami da na Larabci muke ɗauka a hoto kafin gara ta gama da su. Shafi ɗaya mai inganci yana kai megabait 100, littafi mai shafi 400 kuma gigabait 40. Faiba ta iso mana, wuta ce matsalar, musamman tun da aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin farko (Band A) zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 aka fara taƙaita mana awannin aiki. Da muka samu sola ƙarama ta riƙe akwatin layi da kwamfuta ɗaya, sai muka koma ɗora hotunan da dare, da safe mu tarar sun tafi.

Malama a sashen ilimin ƙwayoyin halitta

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya, na kai maganarka ga injiniyoyinmu, suka bi wayar tare da ni, muka tarar da akwati irin wanda ka kwatanta a bayan wata tsohuwar firji a ɗakin ajiyar sinadarai. Kafin a sauya shi, sun ba ni tebur a cikin cibiyarsu, na haɗa kwamfutata da Globus, na sauke sakamakon ƙarin mutum shida tsakanin azahar da magariba. Na rubuta wa shugaban tsangaya takardar neman sabon akwati da batiri, shugabannin sassa huɗu sun sa hannu tare da ni. Ɗan'uwa na Maraɗi, akwai ɗalibi a sashen labarin ƙasa na nan da ke aiki a kan Komadugu Yobe ta ɓangaren Nijeriya, kuma ya ce yana da hotunan shekara biyu a faifai. Idan kana so, zan haɗa ku ranar Litinin.