Wane suna za mu ba "mammite subclinique"?

Ƴan uwa ma'aikatan kiwo na Maradi, da masu fassara a gidajen rediyo, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Mammite dai, kalmar Faransanci, ba gardama ciwon hantsa ne, makiyayi ya san shi: hantsa ta kumbura, ta yi zafi, madara ta fito da gudaji ko jini. Inda harshe ke sarƙewa shi ne matakin da ke zuwa kafinsa, wanda likitocin dabbobi ke kira subclinique.

Wani ya kawo "kumburin hantsa". Ban yarda ba, don a wannan mataki babu kumburin. Saniya na kiwonta, madara fara tas, amma fararen ƙwayoyin jini sun riga sun cika ta suna yaƙi da cuta. Idan suka haura 200,000 a mililita ɗaya na madara, ana zargin saniyar ta kamu; Tarayyar Turai ba ta yarda da madarar garke da ta wuce 400,000 ba. Tun a wannan mataki tatsa ke raguwa, madara ta ɗan yi gishiri, cuku ya ƙi kamawa da kyau. Wanda ke bibiyar wannan ƙidaya yakan hango lalacewar madara kafin ta kai kasuwa.

Wata malama ta ce "sankarar hantsa". Haba Malama, mai saniya ya ji sankara, gobe sai mahauta, alhali ciwon yana jin magani.

"Ciwo mai kwanton ɓauna" ya yi mini daɗi a kunne, sai dai ya yi tsawo. Ni na tsaya a kan "ɓoyayyen ciwon hantsa".

Sai gwajin da ke tona shi, wanda aka ƙirƙiro a Kaliforniya ta Amurka a 1957. Faranti ne mai rami huɗu, kowane kan nono da nasa. A tatsa kaɗan, a zuba ruwan gwajin, a juya. In da ciwo sai madarar ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Kiran sa "gwajin Kaliforniya" ba ya gaya wa mai tatsa a Dakoro komai. Mu ce "gwajin yauƙi", tunda abin da ido zai nema ke nan.

Masu jar akuya, ku lura: ƙidayar akuya ta fi ta saniya yawa ko tana lafiya, kada ku ɗora mata awon 200,000.