Lissafin kwale-kwale da gudun ruwa ya ɗaure min kai

ƊanAjiBiyar: Salam jama'a, don Allah a taimaka. Kwale-kwale ya yi kilomita 24 yana bin ruwa cikin awa 2, da zai dawo ya ɗau awa 3, wai a nemo gudunsa da na ruwan. Ni dai na raba 24 da 2.5 na samu 9.6 malam ya ja min jan biro.

MalaminLissafi: Wa alaikumus salam ɗalibi. Kar ka haɗa awannin. Kira gudun kwale-kwalen x, na ruwa y. In yana bin ruwa turo shi ake, x + y = 24/2 = 12. Dawowa kuwa ruwa na danne shi, x − y = 24/3 = 8. Haɗa layin biyu y ta fita, 2x = 20, x = 10, y = 2.

'YarYawuri: Ai 9.6 ɗin nan matsakaicin gudun zuwa da dawowa ne, 48 cikin awa 5, shi ya sa ya kasa 10 tunda an fi daɗewa a tafiyar wahala, mu da muke bakin kogin Neja kullum muna gani.

ƊanAjiBiyar: Kai! Yanzu na gane, Allah ya saka malam. To in an ce ruwan tsaye yake fa?

MalaminLissafi: Sai y ta zama sifili kawai.