Ya ce ƙwayar ba ta yi masa daɗi, to me ya sa ya kasa bari?

Yayar Gida, Argungu:
Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san wannan abu ya fahimtar da ni. Ƙanena ya fara shan taramol ne a fadama lokacin yankan shinkafa, da abokan aikinsa suka ce tana kashe gajiya. A da ƙwaya ɗaya yake sha, yanzu sai ya haɗiye da yawa kafin ya iya tashi daga tabarma. Ya rantse wa Inna ya daina, har da hawaye, mako bai zagayo ba muka tsinci fankon ƙwayar a aljihun rigarsa wajen wanki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya ce wallahi yanzu ko ya sha ba ya jin daɗin komai, in bai sha ba ne dai zama ke gagararsa. Yaya mutum zai sayar da wayarsa saboda abin da ba ya yi masa daɗi? Ƙarya yake mana, ko wani abu ne ya taɓu a kansa?

Ma'aikacin Jinya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Gaskiya ya faɗa miki. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna dofamin, da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Idan mai yunwa ya ci tuwo, ko mai ƙishi ya sha ruwa, dofamin ne ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa wannan abu yana da muhimmanci, a sake nemansa. Aikinsa ya fi karkata ga sa mutum kwaɗayin abu da binsa. Jin daɗin kansa yana da hanyarsa daban, shi ya sa kwaɗayi zai iya ƙaruwa alhali daɗin ya mutu.

Taramol da kodin dangi ɗaya ne. Akwai jijiyoyin da ke taka wa masu fitar da dofamin burki, to waɗannan ƙwayoyi su suke kashe wa ƙarfi, sai dofamin ya kwararo fiye da ƙima. Hodar iblis kuwa hana shi komawa ma'ajiyarsa take yi, sai ya taru. Idan aka yi ta maimaitawa, ƙwaƙwalwa kan rage wuraren da ke karɓar saƙon, an kuma ga haka a hotunan ƙwaƙwalwar masu shaye-shaye da aka ɗauka a Amurka. Kamar wanda ya shekara a gindin injin casar shinkafa ne, sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki. Abinci, hira da aure duk sai su zame masa lami, ƙwayar ma sai ya ƙara yawa. Ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya auna abu ya kame kansa, shi ma yana raunana. Rantsuwar da ya yi wa Inna daga zuciyarsa ta fito, abin da zai riƙe ta da shi ne ya yi rauni.

Ki duba fankon. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne, mai 225 da ke yawo a kasuwa haramtacciya ce, kuma taramol mai yawa na jawo farfaɗiya.

Baba Mai Albasa, Jega:
Ɗiyata, Allah ya shirya shi. Na ji bayanin malamin asibiti, amma ina tsoron yaran yanzu su samu mafaka, kowa ya ce ƙwaƙwalwa ce. Ba da hannunsa ya kai ta farko baki ba? A zamaninmu mun yi noman fadama da fura kawai.

Ma'aikacin Jinya, Birnin Kebbi:
Haka ne Baba, ta farko zaɓinsa ce, kuma zuwa neman magani ma sai ya yarda. Amma abin ya wuce gida ɗaya. Rahoton binciken shaye-shaye a Najeriya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha wani nau'in kayan maye, ban da giya da taba, cikin shekara guda, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin. Duka da mari ba sa mayar da abin da ya canja a kai. Abin farin ciki, ƙwaƙwalwa na farfaɗowa idan an daina, sai dai abu ne na watanni.

Ɗan Kabu-kabu, Yawuri:
Yaya, ni na sha, kuma na bari da ikon Allah. Kwanakin farko ciwon gaɓoɓi, gumi, gudawa da rashin barci. Wannan ya wuce. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne teburin mai shayin da nake haɗiye ta a wurin. Ko ta gabansa na wuce da babur sai bakina ya cika da miyau, hannuna ya nufi aljihu ban sani ba. Dole na canja tasha, na goge lambar mai sayar mini. Na daɗe kafin na sake jin ɗanɗanon miyar gidanmu. Idan kun ga ya daina amma yana zaune sukuku, kada ku ce butulci ne, ku riƙa jansa cikin mutane.

Yayar Gida, Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, mu kulle shi a ɗaki ya daina gaba ɗaya?

Ma'aikacin Jinya, Birnin Kebbi:
A'a, ku kai shi asibiti. Likita kan rage ta ne sannu a hankali, ya ba da abin da zai sassauta ciwon. Ku fara da babban asibiti mafi kusa, in ta kama za a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Ki gaya masa wannan da bakinki: bayan ya yi kwanaki bai sha ba, jikinsa ba zai ɗauki adadin da ya saba ba. In ya koma ya haɗiye irin na da, numfashinsa na iya tsayawa. Duk ranar da kuka ga ya kasa farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ku garzaya da shi asibiti nan take.